Kurar Tsakar Rana

Tun da muka dawo daga Nijar ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin tashar Gumel ba. Kowa ya gan ni sai ya ce in ba shi labari. Wani ya ji an ce jandarmomi sun tsare mu, wani ya ji kura ta cinye wa Bulus hannu, har akwai wanda ya rantse wai da mayya muka yi aiki. Bakina ya gaji, kuma na lura kullum labarin ƙara tsawo yake yi a bakin mutane. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi sau ɗaya yadda ya faru, in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu. Malamin firamare ne ni, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da muke yi idan an ba da hutu. Maganar daga gidan bidiyo ta taso. Mai gidan ya samo kaset-kaset na dodanni daga ƙasashen waje, wani dodon ya fito daga teku, wani ya sauko daga sama da kai irin na ƙadangare. Yara su yi ta ihu, manya su yi ta dariya. Sai muka ce ai mu ma muna da namu tun kaka da kakanni, wato mutumin da ke rikiɗa ya zama kura. Babu wanda ya tashi a ƙasar nan bai ji labarinsa a bakin kakarsa ba. Me zai hana mu ɗauke shi a kaset? Ni na tsara labarin, kuma da yake na fi kowa tsawo, aka ce ni zan sa fatar. Abu ɗaya ya rage, muna son hoton kura ta gaske da za mu gauraya da nawa. Aka ce mana akwai wani gardi mai wasa da kura a wani gari kusa da Dungas. Ba zan faɗi sunan garin ba saboda mutanen da za su shigo labarin nan.

Na fara biyawa Gagarawa ɗauko Bulus. Mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi sakatariya, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Shi ne mai kyamarar, da ita yake ɗaukar biki da suna. Matarsa ta zuba mana gwaten acca mai zafi da alayyafo, ta tsaya a kanmu har muka side kwano, sannan ta ce kyamarar nan ita ke riƙe da karatun yara, in ta samu rauni mu nemi wani garin mu zauna. Bulus ya naɗe ta da bargo kamar jariri, a cinyarsa ta yi tafiyar duka.

Daga nan sai Ɗanzomo, wajen Baba Magaji baduku, wanda muka ba aikin kan kurar. Ya yi ƙoƙari matuƙa. Fatar akuya ya jeme, ya ɗiga mata baƙin rini dabbare-dabbare, ya fere haƙora da ƙashin saniya. Ya ce sai na gwada a bayan gidansa. Da na sa, ramukan idon suka tsaya a goshina, ban ga komai ba. Na yi taku kaɗan na afka cikin danga, wani jaki da ke ɗaure ya tsinke igiya ya yi daji. Baba Magaji ya ce to mun gani, in dabba ta tsorata ina ga mutum. Ya ɗan buɗa idanun da wuƙa, muka cusa kan a buhu muka yi masa godiya.

Mun isa Maigatari ranar kasuwa. Wanda bai taɓa shiga kasuwar Maigatari ba, ya je da ƙafarsa, baki ba zai iya ba. Raƙuma, shanu masu ƙaho kamar reshen bishiya, Buzaye da rawunansu, 'yan canji a kan tabarmi, kanwa tuli-tuli. Muka ci balangun raƙumi, Bulus ya ce ya fi minti nawa yana tauna yanka ɗaya bai ga alamar za su rabu ba. Lokacin ana wahalar mai, mota sai an yi da gaske. Da ƙyar muka samu wuri a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, tsakanin buhunan gero da wata mata mai kaji. Da direban ya ji abin da za mu je yi, ya ce shi dai bai taɓa ganin masu neman kura sun shiga a-kori-kura ba.

A iyaka jami'anmu suka duba takardunmu suka ce mu wuce. A ɗaya gefen wani jandarma, irin 'yan sandansu na can, dogo, siriri, mai tsage a kumatu, ya ce a kwance buhu. Da haƙoran suka leƙo ya ja da baya taku ɗaya, ya kira abokin aikinsa da Faransanci. Na yi ta bayani cewa kayan wasa ne. Ya ce in haka ne in sa ya gani. Haka na tsaya a tsakiyar hanya cikin zafin bazara, da kan kura a wuyana da takalmin makaranta a ƙafata, ina gurnani. Jandarman ya yi dariya har ya dafa mota. Matar nan mai kaji ta ce in cire kada in shiɗe. Ya miƙo mana takardunmu da ladabi, ya ce tunda 'yan wasa ne mu, idan mun isa garin mu nemi Tanti Rabi mu gaishe ta, babu wanda ya kai ta wasa a duk yankin. Na amsa da to, amma raina bai yi daɗi ba. Ban sa fatar nan don a yi dariya ba.

Hanyar can rairayi ce zalla. Mota ta kafe, mu sauka mu tura, ta tashi ta bar mu, mu bi ta da gudu. Bulus bai taɓa turawa ba, ya ce hannunsa na da aiki. A garin muka sauka gidan wani malamin makaranta, Mushe Lawali. Can malamin boko mushe suke ce masa, makaranta kuma lakwal, ni ma nan take na zama Mushe Habu. Ya ba mu ɗakin zaurensa, ya hana mu sayen ko ruwa. Da safe a kawo burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo, wanda in ka yi sakaci sai ya yanke maka dasashi. Da rana fura mai yaji da nono mai kauri, ba irin tsinkakken da ake sayar mana a tasha ba. Shayinsu kuwa a 'yar buta ake dafa shi kan gawayi, a zuba a kofi kamar na wasan yara, kuma ba a tashi sai an sha zagaye na uku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da rana ta take, kowa sai ya rufe wurin aikinsa ya je ya kwanta, har masu ofis. Na ce wa Mushe Lawali a wajenmu wannan sunansa lalaci. Ya ce a wajenku ma ana barcin, a kan tebur dai ake yi.

Gardin mun same shi a bayan gari, wani dattijo mai sanyin magana. Kurar tana kwance a inuwar aduwa da sarƙa a wuya. Ta tsufa, gashin bayanta ya zube, ƙudaje na bin idonta. Ya ce tun tana 'yar ƙarama take hannunsa, yanzu ya daina fita kasuwa da ita, ciyar da ita kawai yake yi don sun saba. Na ga yadda yake jiƙa mata nama don haƙoranta sun yi rauni, abin ya burge ni, amma ba abin da ya kawo mu ke nan ba. Aka yi aka yi ta tashi, ta ƙi. Bulus ya matsa kusa ko zai samu gurnani, sai ta miƙa wuya a hankali ta cafke soson da ke kan makirufo ta haɗiye, ta koma barcinta. Wannan shi ne hannun Bulus da aka ce kura ta cinye.

Duk da haka muka ɗauki abin da ya samu, muka haɗa da nawa ina tsalle a bayan gamba da fatar Baba Magaji. Mushe Lawali ya ce mu gwada wa mutane mu gani. Akwai gidan bidiyo a garin, ɗakin ƙasa ne da aka toshe tagoginsa da tabarmi, ana ta da inji bayan la'asar. Ɗakin ya cika. Da kura ta bayyana tana hamma aka fara murmushi. Da na bayyana kuwa, ɗakin ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Wani ya ce a mayar baya a sake nuna wurin da takalmina ya fito. Na zauna gumi na bin bayana, ina tunanin abin da zan gaya wa 'yan ƙungiyarmu da suka dogara da ni.

Da aka watse, wata mata ta rage a kan benci. Za ta yi shekara hamsin da wani abu, gajeriya, mai jiki, fuskarta a sake. Mushe Lawali ya rusuna ya gaishe ta, ya ce wannan ita ce Tanti Rabi. Ungozoma ce a asibitin garin, kusan duk yaron da ka gani a unguwar a hannunta ya faɗo. Tun tana budurwa take wasan kwaikwayo a samariya, wato ƙungiyar matasa ta can, har Damagaram ana kiranta. Ba ta yi min ba'a ba. Ta yaba ɗinkin fatar, sannan ta ce:

"Mushe, ranar da kakarka ta ba ka labarin nan, a wane wuri ka fara matsawa jikinta?"

Na tuna baya. Na ce ba wurin da kurar ta fito ba ne. Wurin da ta shigo gida a siffar baƙuwa ta kira sunan yaron gidan ne, alhali babu wanda ya gaya mata sunansa.

Ta ce, "To ina wannan a kaset ɗinka?"

Muka koma gidanta, aka dafa shayi, ta yi ta magana ina saurare kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce fata kowa ya san fata ce, kuma wanda ya hango haƙora daga nesa ya san inda zai gudu. Abin da ke kashe wa mutum jiki shi ne ya tuna cewa shi ya shimfiɗa mata tabarma, shi ya ba ta ruwa, shi ya miƙa mata ɗansa. Ta ce dodon teku ba ya hana ɗan Gumel barci don ba shi da teku, amma yana da ƙofar gida, kuma kullum ana yi masa sallama. Ta ce in mun yarda, ita za ta fito a kurar, ba fata ba haƙora, 'yan samariyarsu su cike sauran. Bulus ya ce ba mu da fitilun ɗaukar hoto a duhu. Ta ce duhun me, da tsakar rana za ta zo, lokacin da maza ke gona.

Mijinta, Malam Isufu, tela ne, yana gefe a kan kekensa yana jin mu. Ya tsayar da ɗinki ya ce bai yarda ba. Ya ce ta yi sarauniya, ta yi mahaukaciya, ta yi ɓarauniya, bai taɓa hana ta ba, amma wannan daban ne. Ita ce mai karɓar haihuwa. In mata suka gan ta tana lasar baki a kan jariri, ko da a wasa ne, wa zai sake kiran ta ɗakin naƙuda? Kuma ya san garinsu, kalma ɗaya ta isa a laƙaba wa mace maita har jikokinta. Gaskiya ya faɗa, ni ma na ce a bari.

Sai ta ba mu labarin gwaggonta. Tana yarinya aka yi rashin wani yaro a unguwarsu, aka ce gwaggon ce ta kama kurwarsa. Matar ba ta da miji, ba ta da ɗa, idanunta sun yi ja saboda hayaƙin murhu, shi ke nan laifinta. Aka kore ta da ƙunshin kayanta, a wani ƙauye ta rasu. Wadda ta fara furta maganar kuwa mace ce mai mutunci, kowa na kai mata gaisuwa.

Ta ce, "Ban ce ita ce kurar ba. Amma tun ranar na san fuskar da zan ba kura in aka ce in yi ta."

Sharaɗinta ɗaya ne, a gyara labarin. Idan yara suka fara ɓata, gari zai kori wata tsohuwa da ba ta ji ba ta gani ba, kuma kurar ce za ta fara nuna ta. Malam Isufu ya ci gaba da taka kekensa da ƙarfi.

Ita da kanta ta je wajen maigari neman izini, ta bi gida-gida ta gaya wa mata abin da za a yi, ta ce kowa ya zo ya kalla don kada a ji a bakin wani. A gidan wata matashiya mai suna Hadiza aka ɗauki zuwan baƙuwar. Hadiza na goyon ɗa namiji, Tanti ce ta karɓi haihuwarsa. Mata suka cika katanga da bakin ƙofa, ana ta raha.

Tanti ba ta shafa komai ba sai kwalli, ta yafa farin mayafi wankakke. Ta yi sallama da murya mai taushi, irin wadda kowa zai amsa. Hadiza ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Tanti ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta kai bakinta, ba ta sha ba. Sansanawa ta yi, ta ajiye. Ta yi gaisuwa mai kyau, ta tambayi maigida, ta tambayi gona, amma duk tsawon gaisuwar idonta bai bar bayan Hadiza ba. Raha ta fara raguwa a katanga. Sai ta kira sunan yaron a hankali, ta miƙa hannu. Hadiza ta kwance shi ta ba ta, kamar yadda aka tsara. Tanti ta rungume shi, ta yi masa wasa, sannan ta sunkuya ta ɗora hancinta a maɗigarsa ta ja numfashi mai tsawo, idonta a rufe. Muka ga maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiye yawu. Ta yi wata 'yar dariya a ciki, gajeriya, wadda ƙarshenta ya haura sama.

Ni da na tsara labarin, tsigar jikina ta tashi. Hadiza kuwa ta fizge ɗanta, ta ruga ɗaki ta banko ƙyaure. Wannan ba ya cikin tsari. Bulus bai kashe kyamara ba, amma in kun lura da wurin a kaset za ku ga hoton na rawa. Gidan ya yi tsit. Cikin shirun nan wata tsohuwa da ake kira Iya Dije ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, ai wannan ba koyo ba ne.

Yammacin ranar matan da suka saba shigowa gidan Tanti hira, daga ƙofa suka yi gaisuwa suka wuce. Malam Isufu bai dube mu ba. Na je na durƙusa na ce mata mun shawarta da Bulus, za mu goge kaset ɗin a gaban jama'a mu koma gida, fim bai kai mutuncinta ba. Ta ce in muka goge yanzu, abin da aka gani a gidan Hadiza shi kaɗai zai zauna a kan mutane, dole a ƙarasa. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan Iya Dije, ta gaishe ta a gaban surukanta, ta ce akwai matsayin da babu mai iya shi sai ita, ta taimaka. Tsohuwar ta rasa yadda za ta ƙi.

Iya Dije ce ta fito a matar da aka kora. An tara jama'a a dandali, ana ta ka-ce-na-ce a kan yaran da suka ɓata. Tanti na zaune a cikin mata da carbi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita dai ba ta ce komai ba, Allah ya kiyashe ta da ɗaukar alhaki, amma ta ga wance a bayan danga ranar da abin ya faru. Shi ke nan. Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗora wa Iya Dije ƙunshi a ka, aka bi ta da ihu da jifa. Ƙullin tsumma ne ake jifan da shi, ba ya ciwo. Amma da ta waiwayo ta ga maƙwabtanta na nuna ta da yatsa, har da jikokinta a cikin taron, sai ta fashe da kuka na gaske. Bulus ya ce an gama. Tanti ce ta fara isa wurinta, ta sauke ƙunshin, ta share mata fuska da bakin mayafinta, ta riƙe ta har gida. Babu wanda ya yi tafi. Mutane suka watse kowa kansa a ƙasa.

Fatar Baba Magaji ma ta samu shiga, sau ɗaya. Tanti ta sa na tsaya a bayan katanga da yamma lokacin da inuwa ta yi tsawo, Bulus ya ɗauki inuwar kawai tana wucewa a jikin bango. Na yarda inuwata ta fi ni iya wasa.

Safiyar da za mu taho muka je sallama. Mun tarar da Tanti zaune a tabarma da jakar aikinta a gefe, a ɗaure. Mushe Lawali ya raɗa min cewa ƙanwar Hadiza na naƙuda tun asuba, haihuwar fari, kuma har yanzu ba a aiko ba. Tanti ta yi ta jan mu da hira, tana tambayar yadda ake wasa a Gumel, tana ba Bulus saƙon gaisuwa ga matarsa, amma duk motsin da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai. Keken Malam Isufu ma shiru. Direba ya aiko cewa mota ta kusa cika, na kasa tashi. Na san in ba a zo ba, mu ne sila, kuma mu za mu hau mota mu tafi mu bar ta da garin.

Can sai ga Hadiza da goyo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da kowa. Ta ce, "Tanti, wai ki zo. Abin ya ƙi."

Tanti ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce, "Ƙafata na ciwo, jakar ta yi min nauyi. Ɗauki jakar, ba ni yaron."

Hadiza ta tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, amma ni na ji shi da yawa. Sannan ta sunkuya ta kwance majanyi, ta miƙa shi. Tanti ta saɓa shi a kafaɗa suka fice da sauri, ko waiwayen mu ba ta yi ba. Sallamarmu da ita ke nan. Malam Isufu ya raka mu har tasha, ya saya mana dabino, ya ce mu gaida mutanen Najeriya.

A iyaka jandarman nan ya gane mu, ya tambaya ko mun ga Tanti Rabi. Na ce mun gan ta. Ya ce to ai ba mu yi asarar tafiya ba. A Gagarawa matar Bulus ta juya kyamara gaba da baya, ta tambaya ina soso. Da aka gaya mata inda yake, ta ce ba za ta bi ba.

'Yan ƙungiyarmu sun ɗan yi fushi da suka ji an gama fim babu su, sai da suka kalla. Ba zan yi muku ƙarya ba, aikin yana da aibi. Iska ta cika sautin, wani wurin rana ta wanke hoton, akwai inda akuya ta shigo ta tsaya. Amma ranar da aka nuna shi a gidan bidiyo na Gumel, da Tanti ta ɗauki ƙwaryar nan ta sansana, masu ɓare gyaɗa suka daina. Wani ƙato da ke bayana, mai lodi a tasha, na ji yana neman tsari a hankali. Da aka zo wurin korar tsohuwa, wata mata ta tashi ta fita, daga baya aka ce min an taɓa yin irin haka a danginsu.

Masu cewa da mayya muka yi aiki, ga amsarku. Ni dai a yawona ban ga mai gwaninta da ƙarfin zuciya irin na matar nan ba. Ban sake komawa ba, amma makonni bayan dawowarmu direban a-kori-kurar nan ya tsayar da ni a kasuwar Maigatari, ya ce Malam Isufu ya ba shi saƙo. An sha wuya, amma ƙanwar Hadiza ta sauka lafiya, mace aka samu. Ranar suna uban yarinyar ya ce a sa mata Rabi.